Birnin da ke shawagi a sama: inda aikin ya tsaya

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu koyon rubutun ƙagaggen labarin kimiyya. Ga inda na kai a ginin duniyar da labarina zai gudana a cikinta.

Na tsayar da shawara a kan jibgegiyar duniyar iskar gas, irin Mushtari, wadda 'yan boko ke kira Jupita, da Zuhal mai zobe. Irin waɗannan ba su da ƙasar da za a taka. Haidirojin ne da hiliyom, iskokin gas biyu mafiya rashin nauyi, kana nutsawa iskar tana ƙara kauri da zafi har ta zama ruwa-ruwa. A Disambar 1995 wata na'ura da kumbon Galileo ya saki ta faɗa cikin Mushtari, ta yi kusan awa ɗaya tana aiko da bayani, sai zafi da matsi suka gama da ita. Ke nan mutanena a sama za su zauna, tsakanin gizagizai.

Tawa duniyar ta fi kama da Zuhal, saboda nauyi. A saman gajimaren Mushtari mai kilo 60 zai ji kansa kamar kilo 150, tashi tsaye ma aiki ne. A Zuhal kuwa, duk girmanta, nauyin mutum kusan ɗaya yake da na nan.

Inda na fi daɗewa shi ne abin da zai riƙe birnin. A nan duniya balan-balan mai hiliyom yana tashi don ya fi iskarmu rashin nauyi. To a can iskar kanta yawancinta haidirojin ce, kuma babu abin da ya kai ta sauƙi. Ka cika buhu da hiliyom, ƙasa zai yi da kai. Ga dabarar da na zaɓa: a ɗumama haidirojin ɗin cikin buhun ya fi na waje zafi, dare da rana, ba hutu. Rana ba za ta yi wannan aikin ba, domin hasken da ke isa Zuhal kusan kashi ɗaya cikin ɗari ne na wanda muke samu. Sai dai tukunyar nukiliya.

Daga nan ne labarin ya zo mini da kansa. Wanda ke riƙe da zafi shi ke riƙe da ran gari. Na sa aikin ya zama na gado a hannun zuri'a guda, jarumata 'yarsu ce, ita ce ta fara lura birnin yana sauka kaɗan-kaɗan, manya kuma sun ƙi a faɗa. Shi ya sa nake roƙonku kada ku tsallake lissafin nan don gajiya. Da na rubuta "injin mai ɗaga gari" na wuce, da ban sami yarinyar nan ba.

Gefe guda na haɗa ƙwarya biyu baki da baki, ina yi mata fenti don in riƙa ganin duniyar a gabana. Layukan nan masu haske da duhu da ake gani a jikin Mushtari da Zuhal, saurin juyi ne ke shimfiɗa su. Masu hasken gajimaren ƙanƙarar ammoniya ne. Iskar da ke gefe da gefen layi kan saɓa hanya, don haka kada ku ja bakin layi a miƙe. Ku murɗa shi da tsinke tun fentin bai bushe ba.

Abu biyu suka rage. Zuhal tana kammala juyi cikin awa goma da 'yan kai, wato wuni awa biyar, dare awa biyar. Mutanena Musulmi ne, sai na zauna da malami a kan lokutan sallarsu da azuminsu kafin in rubuta ko layi ɗaya. Sai ruwa: gajimarensa yana can ƙasa da na ammoniya, kuma daga shi za a fitar da iskar shaƙa. Su wa za a tura su ɗebo, kuma me ake biyansu? A kansa zan zauna a makon nan, mai shawara ya taimaka mini.