Yadda nake karanta sirrin mai zane a hoton kiyubizim

Hoton kayan tebur na salon kiyubizim, wato zanen da ake farfasa kamannin abu zuwa siffofi masu kusurwa, irin na masu zane Picasso da Braque da Juan Gris tsakanin 1910 da 1914, kallon farko kamar tarkace yake. Ni ba na fara neman ma'ana sai na gane kayan tukuna. Ina buga hoton babba, in ɗora takarda mai shara-shara, in bi kowane abu da fensir mai launi daban. Alamomin ƙanana ne: da'ira mai layuka a kai ramin jita ce, da'ira a saman dogon siffa bakin kofi ce.

Daga nan sai in raba abin da aka zana da abin da aka liƙa da abin da aka rubuta. Nan hoton waya yake yaudara. A hoton Picasso na 1912 mai siffar ƙwai, wanda aka zagaye da igiya, saƙar kujerar da ke ƙasa ba zane ba ce, ƙyallen shimfiɗar tebur ne mai bugaggen ado aka manna. Braque kuwa ya koyi fentin gidaje, yana iya kwaikwayon katako da buroshi, don haka sai na duba bayanin gidan tarihi kan kayan aikin.

Sirrin mai zane galibi a rubutu da takardun liƙi yake. A 1912 Picasso ya sa sunan budurwarsa Eva Gouel a hotunansa na jita da goge, kuma a watan Yuni ya gaya wa dillalinsa Kahnweiler a wasiƙa cewa yana sonta, zai rubuta hakan a hotunansa. Wannan hujja ce tsayayya. Gris, haifaffen Madrid mazaunin Paris, ya sa tambarin kwalbar Anís del Mono a hotonsa na 1914. Ana yin abin shan a Badalona kusa da Barcelona, inda Picasso ya yi samartaka. Alaƙar gida ce a fili, amma ban yarda a wuce nan a ce kewar gida ce ta dami Gris ba.

Launi ne ya fi jefa mutane a rami. Toka-toka da ruwan ƙasa na 1910 zuwa 1912 ba baƙin ciki ba ne, Braque da Picasso dukansu da waɗannan launuka suke aiki a lokacin, har ana kasa bambanta hotunansu. Jaridun da aka liƙa ma tsufa ne ya mai da su ruwan ƙasa, da sun fi haka haske.

Guntun jarida yana ba da kwanan wata. Na ƙarshen 1912 da yawa labarin yaƙin yankin Balkan ne da ke kudu maso gabashin Turai, masana kuma sun rabu kan ko Picasso da gangan ya zaɓe su. Abin da nake dubawa shi ne inda almakashi ya bi: idan ya kewaye kanun labari ya bar shi a karantu, akwai niyya. Idan an kifa rubutun ko an yanke shi tsakiyar jimla, na fi ɗaukarsa a matsayin inuwa.