Kwasakwasan Juj da gilasai biyu

Tun da asuba muka bar birnin Sanluwi, ni da wani abokina, muka nufi gandun tsuntsaye na Juj da ke arewacin Senegal, dab da iyakar Muritaniya. Tafiyar kamar kilomita 60 ce, amma da aka sauka daga kwalta sai burji da ƙura, har sai da na naɗe kyamarata da tawul. Watan Janairu ne, lokacin da tsuntsayen da suka ƙetaro Sahara daga Turai ke cika wurin, domin yana cikin ruwa na farko da suke riska bayan hamada. A 1971 aka kafa gandun, UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren gado na duniya a 1981.

Duk hanyar nan gardama muke yi kan gilashin kyamarar da ya fi dacewa da ɗaukar hoton tsuntsaye. Ni kafaffen gilashi na ɗauko, mai 400mm, wanda ba ya zuƙowa, ba ya nisantarwa. Nauyinsa kilo ɗaya da kwata, hotonsa tas, kuma da ka saita shi a kan tsuntsu ya cafke. Shi kuwa mai zum ya riƙe, wato mai zuƙowa da nisantarwa, 100 zuwa 400mm, ya ɗan fi nawa nauyi. Na ce masa mai son cin tuwo biyu a lokaci ɗaya ba ya ƙoshi da ko ɗaya. Dariya kawai ya yi.

A bakin ruwa, kafin mu shiga jirgi, ranar tawa ce. Kirinjijiya na tashi garke-garke daga nesa suna fito, ni kuma na sa kyamara ta riƙa ƙiftawa a 1/2000 na daƙiƙa, saboda ƙasa da haka fikafikan sai su fito dishi-dishi. Ina bin su da jiki gaba ɗaya, gwiwar hannu a manne da haƙarƙari. Rashin nauyin nan ya yi mini rana, na daɗe ina ɗaga hannu ban gaji ba.

Da jirgin ya doshi tsibirin da kwasakwasa ke ƙyanƙyasa, sai labari ya sha bamban. Warin wurin ne ya fara tarbar mu. Ga su nan dubbai, manya farare, 'ya'yan kuma baƙaƙe-baƙaƙe kamar ba nasu ba. Kwasakwasa idan ya buɗe fikafikai yana kai mita 3, kuma ba daga nesa suke wucewa ba, ta saman kanmu suke bi, har kana jin iskar. A 400mm abin da ido ke gani bai wuce digiri 6 ba, kamar mai leƙe ta cikin kara. Kafin in nemo tsuntsu ya wuce, in na same shi kuma ya fi ƙarfin hoton: ga baki da jakar maƙogwaro, babu fiffike. A tudu da sai in ja da baya. A jirgi ina za ni?

Abokina kuwa sai ya sassauta zuwa 100, ya kama tsuntsun tun yana tahowa, sannan ya zuƙo shi a hankali har ya cika hoton. Da wasu bakwai suka jero dab da ruwa, ya sake buɗewa ya kwashe su duka da inuwarsu.

"Malam, ko in ara maka?"

Girman kai ya hana ni amsawa har sai da matuƙin ya juya jirgi. Sannan na karɓa, na juya wa iska baya na canza gilashin cikin riga don kada ƙura ta shiga. Minti goma na yi da shi. Hoton da na fi so a tafiyar, na wani kwasakwasa da ya miƙe ƙafafu zai sauka, da na duba bayanansa da daddare, a 220mm na ɗauke shi.