Goɗiyar da ta ƙi tsaya mini

Na shafe watanni ina zana dawaki daga hoto, amma duk wanda na gama sai in gan shi a sandare kamar gunki. Ga geza, ga kofato, na bi gashi ɗaya bayan ɗaya da fensir mai tauri da tsini (2H), rai ne dai babu. Abin ya dame ni ƙwarai.

Rannan na ɗauki takarda da fensir mai laushi da baƙi (6B) na tsaya kusa da wata goɗiya tana kiwo. Kafin in ja layi uku ta juya. Dole na saki hannu: layi ɗaya na ja tun daga ƙeyarta, ya gangaro ta wuya, ya bi gadon baya har wutsiya, ban ɗaga fensir ba. Inda nauyinta ya sauka a kafaɗa na danna ya yi baƙi ƙirin, inda rana ta haska bayanta na sassauta har layin ya kusa ɓacewa. Ko minti biyu ban yi ba, kuma ga goɗiya a takarda kamar za ta ɗago kai.

A wurinta na koyi karanta kunne. Tana jin motsi sai ta miƙe su gaba. Wani doki ya matso, ta kwantar da su baya, fuskar nan ta sauya gaba ɗaya. Gajerun layuka biyu ne kacal, amma su ke gaya wa mai kallo ko dokin a natse yake ko a fusace.

Ƙafafu su suka fi ba ni wahala, sai da na fahimci cewa gaɓar da muke kira gwiwa a ƙafar gaba daidai take da wuyan hannun mutum, kuma a kan yatsa ɗaya doki ke takawa. Hotunan doki a guje da wani mai ɗaukar hoto, Eadweard Muybridge, ya ɗauka a Amurka a 1878 ma sun gyara mini wani kuskure. A sukuwa, lokacin da ƙafafu huɗun ke sama, a tattare suke ƙarƙashin ciki, ni kuwa a baje nake zana su kamar yadda masu zane suka saba a zamanin da.

Yanzu ba na saurin goge layin da ya kauce. Nakan bar shi in ja wani kusa da shi, sai ƙafar ta fito sau biyu ko uku, kamar tana cikin ɗagawa.