Godiya ga duk wanda ya sa hannu a ƙwan Kaka

Alhamdulillahi, taron zumuncin danginmu ya tashi lafiya, kowa ya isa gidansa lafiya. Mutane da yawa sun yaba min a kan ƙwan da aka ci a wurin, shi ya sa na ga ya dace in fito fili in faɗi waɗanda yabon ya fi cancanta da su.

Tun rasuwar Kaka, Allah ya jiƙanta da rahama, ba a sake yin ƙwan nan nata a gidanmu ba. Dafaffen ƙwai ne da ake rabawa biyu ta tsaye, a cire gwaiduwar a kwaɓa ta da mayonis da mustad da ɗan ruwan khal da gishiri da masoro, a mayar da ita cikin farin, sannan a barbaɗa garin jan tattasai a kai. A baki abu ne mai sauƙi, amma Kaka ba ta taɓa rubuta shi ba, ba ta kuma auna komai da cokali. A hannun Goggo kaɗai ya rage.

Goggo, da ke zan fara. Duk da ciwon ƙafar da ke damunki, kin zo kin zauna a kicin tun daren jajibirin taron. Ke kika sa na kwantar da ƙwayayen a gefensu su kwana a haka don gwaiduwar ta dawo tsakiya, kada gefe ɗaya na farin ya yi siriri ya yage. Ke kika hana a yi amfani da sabon ƙwai, kika ce a nemo wanda ya yi sati ɗaya ko biyu, domin shi ɓawonsa ke saki ba tare da ya ɗebo farin ba. Kika tsaya a kan minti 10 zuwa 12 na dahuwa, daga nan sai cikin ruwan ƙanƙara nan take. Ƙwan da ya wuce lokaci a wuta shi ne ke yin koren zobe a bakin gwaiduwa, saboda farar wutar da ke cikin farin ta haɗu da sinadarin ƙarfen da ke cikin gwaiduwar. Ba ya cutarwa, amma Kaka ba ta yarda a kai wa baƙo irinsa, ke ma ba ki yarda ba.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne rariya. Na ga yadda kika riƙa danna gwaiduwar da bayan cokali tana zuba ta ƙasa kamar gari, babu gudaji ko ɗaya, kafin a zuba mayonis kaɗan-kaɗan. Kika ɗanɗana, kika ce, "Ƙaro mustad, 'yar nan, ita tana son ya ɗan yi kaifi." A ganina wannan ɗan kaifin shi ne ya raba nata da na kowa, kuma ba don ke ba da ya ɓace mana. Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana.

Ƙannena mata da suka ɓare ƙwan, suka yanke kusurwar leda suka riƙa matsa haɗin cikin farin har tire ya yi kyau, sannunku da aiki, Allah ya yi muku albarka.

Yaya, na gode da kika tsaya kai da fata a kan maganar sanyi. Ke kika tuna mana cewa abinci mai ƙwai da mayonis ba a barinsa a waje fiye da awa 2, kuma firji ya kasance a digiri 4 ko ƙasa da haka. Saboda ke aka riƙa fito da shi tire-tire maimakon a jibge shi gaba ɗaya, yara da tsofaffi suka ci hankali kwance.

Kawu ma ya faranta min rai da ya ba yara labari suna ci. Ya ce tsoffin Rumawa da dafaffen ƙwai mai yaji suke buɗe liyafa, kuma a Andalus ta ƙarni na 13 an rubuta yadda ake kwaɓa gwaiduwa da ruwan albasa da kayan ƙamshi a mayar da ita cikin farin. Yaran sun yi ta tambayarsa har aka tashi. Mun gode, Kawu.

A wannan karon na auna duk abin da Goggo ta zuba, na rubuta, ta kuma saurara ta gyara min. Duk ɗan'uwa ko 'yar'uwar da ke so ya yi min magana in tura masa. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya ƙara mana zumunci, ya kai haske kabarin Kaka.