Cikin Kwale-kwale Tsakanin Karnukan Teku a Walvis Bay

Garin Walvis Bay, babbar tashar jiragen ruwan Namibiya, yana tsakanin hamadar Namib da tekun Atlantika, kuma sai a 1994 Afirka ta Kudu ta miƙa shi ga Namibiya, shekara huɗu bayan ƙasar ta sami 'yancin kai. Daga nan muka tashi a mota da sassafe cikin hazo, muka bi gefen tafkin da aka sanya cikin wuraren dausayi na yarjejeniyar Ramsar, wadda ke kare irin waɗannan wurare a duniya, a 1995, inda dubban tsuntsayen filamingo ke tsaye suna tace abinci daga laka. Bayan mun wuce fadamun gishiri masu ruwa ja-ja, motar ta shiga rairayi tsantsa har zuwa tsinin Pelican Point, inda hasumiyar fitilar jiragen ruwa take.

Tun kafin mu ga karnukan tekun, wato dabbobin ruwa masu shayarwa da ake kira seal a Turance, muka ji kukansu da warinsu. Sun rufe gaɓar ruwan baƙi ƙirin, diloli kuma na kewayawa a gefe suna neman ɗan da uwarsa ta bari. Abin da ya tara su a nan shi ne igiyar Benguela, wadda ke kawo ruwan sanyi daga kudu, tana taso da abinci daga ƙarƙashin teku, kifi ya yawaita. Ita ce kuma ke haddasa hazon da ya lulluɓe mu.

Jagoranmu ya ba kowa rigar kariya da filafili mai baki biyu, ya ce kada mu bi dabbobin, mu bari su zo da kansu. Haka kuwa aka yi. Da yake ƙaramin kwale-kwalen ba shi da inji, kuma mutum yana zaune ne kusan daidai da fuskar ruwa, ba mu yi nisa ba ƙananan suka kewaye mu, suna nutsewa ta ƙarƙashinmu suna ɓullowa ta ɗaya gefen. Ɗaya ya kama bakin filafilina da haƙora yana ja a hankali, har na ga dogon gashin bakinsa, da ƙananan kunnuwansa, da manyan idanunsa masu duhu. A ganina wannan shi ne fifikon kwale-kwale a kan jirgin yawon buɗe ido mai inji: dabbar ce ke zaɓar iya kusancin da take so, kuma idan ta ƙoshi da wasa sai ta tafi abinta.

Wannan kusancin ne ya nuna mini abin da ya dame ni. Wani matashi daga cikinsu yana ɗauke da zaren kamun kifi a wuya, ya riga ya yanke fata ya shige cikin nama, kuma duk girman da zai ƙara, zaren ƙara matse shi zai yi. Jagoran ya ce akwai masu aikin ceto da ke kama irin waɗannan a gaɓa su yanke zaren, ya kuma ɗauki hotonsa domin ya aika musu. Ya hana mu miƙa hannu ko kaɗan, domin cizonsu yana da muni, ga shi a 2024 an tabbatar da cutar haukan kare a jikin irinsu a Afirka ta Kudu.

Kafin azahar iska ta fara tashi, ruwan ya soma tumbatsa, sai jagoran ya ce mu juya gaɓa, nesa da inda manyan mazan ke kwance, waɗanda nauyin ɗaya kan haura kilo 200.