Abin da na gani da na haɗa ruwan tsirrai da antibayotik

Aikina a ɗakin gwaje-gwaje shi ne neman tsiron da zai dawo wa tsohon antibayotik da kaifinsa a kan MRSA, wato ƙwayar cutar Staphylococcus aureus da ta daina jin antibayotik ɗin methicillin da danginsa. Damuwata ba ta rasa dalili ba: binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a 2019.

Faranti mai ramuka 96 muke amfani da shi. Antibayotik na raguwa daga hagu zuwa dama, ruwan da muka tatso daga tsiro na raguwa daga sama zuwa ƙasa, sai a zuba ƙwayar cutar a bar ta ta kwana a ɗumi. Idan lissafin FIC, wato ma'aunin da ke nuna yadda magunguna biyu ke ƙara wa juna ƙarfi, ya fito 0.5 ko ƙasa, to haɗin ya yi aiki tare. Ruwan ganye yakan rina ramukan har ido ya kasa gane ko ƙwayar ta yi girma, shi ya sa nake ɗiga resazurin: shuɗi ne, ƙwaya mai rai ke mai da shi ruwan hoda.

Abin da ya fi burge ni, ruwan da ya fi taimakawa sau da yawa ba ya kashe komai shi kaɗai. Ƙwayar tana da famfo mai suna NorA da take fitar da magani waje da shi. Wasu sinadaran tsirrai, kamar piperine, suna toshe wannan famfo, sai antibayotik ɗin ciprofloxacin ya samu damar zama ciki ya yi aikinsa. Tun 2000 aka nuna cewa tsiron Berberis ma haka yake kare kansa, yana haɗa berberine, sinadarinsa mai yaƙar ƙwayoyin cuta, da wani sinadari mai toshe famfon.

Sai dai nasarar faranti tana da saurin sulalewa. Ganyen da aka tsinko a wani lokaci daban yakan ba da sakamako daban. Da na zuba ruwan jini a cikin gwajin, ƙarfin wasu haɗe-haɗen ya ragu, domin sunadaran jini suna riƙe sinadaran. Ƙwayoyi irin su Klebsiella kuwa, masu ƙarin fata a waje, kusan ba su girgiza ba.

Reserpine, wani sinadarin tsiro, shi ma yana toshe famfon NorA, amma yawan da ake buƙata guba ne ga mutum. Saboda haka yanzu, duk ruwan da ya nuna alama, gwajinsa a kan ƙwayoyin halittar jikin ɗan Adam nake fara yi kafin in sake kusantar da shi da antibayotik.