Makullin mota da amanar baƙo a Gombe

Ranar da na bar Damagaram, abin da ke cikin jakata tufafi kala uku ne, sai na'urar haɗa makullin mota, Autel IM508, da na naɗe a cikin sallaya don kada jijjigar hanya ta taɓa ta. Na biyo ta Matamaye da Daura, na kwana Kano, washegari da la'asar na sauka Gombe. Hausa ɗaya ce, amma da na buɗe baki a wurin mai shayi sai ya ce, "Malam, daga Nijar ko?" Na yi wata biyu ina juya naira zuwa sefa a zuci kafin in iya faɗa wa mutum kuɗin aiki.

Wani dattijo mai gareji a Jekadafari ne ya ba ni gefen rumfarsa. Shi bakanike ne na inji, tun zamanin Fijo, kuma ya gaji da tura masu mota Kano saboda makulli. Da farko bai ga dalilin da zai sa makulli ya ci kuɗi haka ba, sai da na fasa kan wani na nuna masa ɗan ƙwayar da ke ciki, wadda ba ta kai ƙwayar wake ba. Idan ka zura makulli, wani zobe da ke kewaye da bakin wurin kunnawa yana karanta lambar ƙwayar, ya miƙa wa kwamfutar mota. In ba ta san lambar ba, ko ƙarfen ya juya mota ba za ta tashi ba. A Jamus da Ingila tun 1998 aka wajabta wannan tsaro a sababbin motoci, kuma irinsu ne beljiyam ɗin da suka cika titunanmu. Hanyar magana da kwamfutar ita ce wata kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, wadda ta zama dole a motocin Amurka tun 1996.

Asarata ta farko a kan rimot ce. A gida na saba da motocin Turai, waɗanda rimot ɗinsu ke aiki a kan mita 433. Nan kuwa Camry da Corolla 'yan Amurka sun yi yawa, su kuma galibi 315 ne. Na sayo rimot goma masu 433 daga Kano, ko ɗaya bai buɗe ƙofa ba. Daga nan na fara duba lambar jikin mota kafin in taɓa komai. Na kuma koyi bambanta ƙwayar Toyota mai ɗigo da mai harafin G da mai H, don kowace da hanyarta. Sai batun wuta. Batirin mota ya yi sanyi ana tsakiyar rubutu a kwamfuta, to an shiga uku, shi ya sa na sayi caja da ƙaramin janareta tun kafin in sayi katifa mai kyau. Kuɗin sabunta manhajar na'urar kuwa duk shekara da dala ake lissafa shi, naira kuma kun san halin da take ciki.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne babu wanda ya tambaye ni lasisi. A Amurka, wanda ke son kamfanin mota ya ba shi lambar sirrin makulli sai ya yi rajista da wata ƙungiya mai suna NASTF, a binciki tarihinsa, ya nuna inshora, kuma kowane aiki sai ya tabbatar mai motar ne a gabansa, ya cike takarda. Motocin Jeep da Chrysler na wajen 2018 zuwa sama ma akwai wata ƙofar tsaro a kwamfutarsu da ake buɗewa da izini ta intanet. Ni kuwa ga ni a rumfa, da na'urar da za ta iya share duk makullan Toyota ta ɗora sabo bayan jiran minti 16, ba mai sa mini ido. Ɓarawo ma irinta yake nema.

Wata rana bayan magariba wani saurayi ya zo, wai makullin motar yayansa ya faɗi, motar tana Tumfure, zai ninka mini kuɗi in muka je yanzu. Na ce ina takardun mota, ya ce suna ciki a kulle. Na ce a kira yayan, ya ce ba ya ƙasar. Lokacin ko kuɗin hayar ɗaki ban haɗa ba, amma na ce ya dawo da safe tare da mai motar. Bai dawo ba. Da na ba maigidana labari sai ya ajiye sifanar da ke hannunsa ya ce, "Yaro, kai baƙo ne. In mota ta ɓace a garin nan, kafin a kira sunan ɗan gari naka za a fara kira."

A makon ya kai ni wurin shugabannin ƙungiyar makanikai ta NATA, ya tsaya mini, sannan muka je muka gai da mai unguwa. Na sayi babban littafi. Duk wanda zan yi wa makulli sai na ga takardun mota da katin shaidarsa, in rubuta lambar jikin motar da kwanan wata, ya sa hannu. Wani Alhaji ya taɓa jin haushi, ya ce duk Gombe an san shi. Na ce, "Ranka ya daɗe, wanda zai zo da motarka ba da saninka ba ma haka zan tsare shi." Ya yi shiru, ya aika direba ya ɗauko takardun.

Da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, na yi watanni ban leƙa gida ba, matar maigidana ce ke aiko mini da tuwo kullum dare. Yanzu ina da yaro ɗaya ɗan Bolari da ke koyon aiki. Ya iya yanka ƙarfe a inji, hannunsa ma ya fi nawa sauri. Na'urar dai ban ba shi lambar buɗe ta ba tukuna. A yanzu shi ke riƙe da littafin, shi ke tambayar takardu.